Indo Mai Kauɗa da Man da Bai Iso Ba

Duk wanda ya bi hanyar Kura zuwa Bunkure a tsakiyar rani, a farkon shekarun dubu biyu, ya ga wani fili a gefen kanal ya yi jawur kamar an shimfiɗa masa sabon zane. Shanyar Indo ce. Idan tumatir ya yi yawa har manoma suka rasa mai ɗauka, ita ke karɓa, ta yanka, ta baza wa rana, ya bushe ya zama kauɗa. Hannunta kullum yana ƙanshin tsamin tumatir, kuma tana da dariya wadda ake ji daga ƙetaren ruwa.

Mahaifinta lebura ne a gonar gwajin iri ta gwamnati, ita ke kai masa abinci tana yarinya. A can ta ga yadda sabon abu ke shigowa duniya: a shuka shi a ɗan fili, a kafa masa allo, malamai su zo suna aune-aune. Rani ɗaya, rani biyu, sai ka gan shi a gonar kowa. Sau da yawa ma ba a jira, iri kan bi aljihun lebura ya riga sanarwa isa ƙauye. Da wannan sanin ta girma.

Mijinta Sammani direban babbar mota ne, yana kai kwandunan tumatir Legas. Mutum ne mai sauƙin kai, ba ya dawowa hannu rabbana, ko da burodi ne. Amma hanya doguwa ce, masaukanta kuma da yawa. Da abokinsa Lukmanu, wanda suke jerawa a hanya, ya rame ya rasu, matarsa ta bi shi kafin damina ta zagayo, sai dariyar Indo ta ragu. A wajen zaman makoki an ce ciwon shawara ne. Kowa ya san ƙanjamau ce.

Ta je ƙaramin asibitin garinsu wai ciwon kai, ta jira har layi ya watse, sannan ta faɗa wa Malama Murja, ma'aikaciyar lafiya, abin da ke cin ta.

"Ku zo tare a auna jininku," in ji Murja. "Ko ki ce masa ya riƙa sa kororon roba."

"Ni? In dubi idon Baban Muhsina in ce masa haka? Ai cewa zai yi ina na san shi."

Don ta sanyaya mata rai, Murja ta ba ta labarin da ta jiyo a wani taron bita. Masana na ƙoƙarin haɗa wani mai, kamar man shafawa, wanda mace za ta sa a jikinta kafin ta kwanta da miji, ya tare ƙwayar cutar. Ba sai ta roƙi kowa ba. Ana gwajinsa ma a ƙasar nan, can Legas.

"Amma Yaya Indo, gwaji ne kawai. Ba a san ko zai yi ba."

Indo ta gyara mayafi tana murmushi. "Malama, a gonar gwaji na tashi. In dai an kafa allo, ya kusa."

Ta koma shanyarta da sauƙin zuciya. Ta ba wa abin rani biyu. A ganinta, me zai sa ta tayar da ƙura a gidanta a kan maganar da za ta warware da kanta? Ta yi haƙuri, ta yi addu'a, ta ci gaba da yanka tumatir.

Wata safiya Sammani ya tsaya da mota a bakin shanya, an gama lodi, zai kama hanya. Ya tsuguna kusa da ita yana tsintar kauɗa yana taunawa.

"Me zan taho miki da shi?"

Ta tuna da aljihun leburori. "Akwai wani mai da ake gwadawa a can, na mata. In ka ji labarinsa."

"Na mene ne? Kada dai a ce tsufa kike gudu."

"Kai ma ai furfura ta fara leƙowa."

Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya dube ta sosai, irin duban da bai saba ba. "Indo, na mene ne?"

Ruwa na gudu a kanal, babu kowa kusa, fuskarsa kuma a sake take. Maganar ta zo mata har baki.

"Na kaushi ne," ta ce.

Ya dawo mata da kwalbar man shafawa mai ƙamshin lemo. Ta yi godiya, ta ajiye a kan kwanukanta.

Rani ya wuce, wani ya zo. Duk wata takan leƙa asibiti, Murja ta girgiza kai tun daga nesa, ta sake ce mata su zo awon jini. A farkon dubu biyu da bakwai Murja ta kira ta gefe ta ce an dakatar da gwajin, wannan man bai yi ba, sai an sake wani. Indo ta tsaya kamar wadda aka ce wa kanal ya ƙafe. Ba ta taɓa ganin an tuge allo ba tare da iri ya fito ba.

A lokacin Sammani ya riga ya fara tari. Wannan karon ta yi magana, ba kwana-kwana, yana zaune a tabarma yana shan kunu. Bai yi faɗa ba. Washegari suka shiga motar Kano, aka auna su, aka samu cutar a jikinsu duka biyun.

A hanyar dawowa, wajen Kura, ya ce mata ba tare da ya juyo ba, "Tun rasuwar Lukmanu nake jin tsoro. Ranar nan da kika ce a sayo miki mai, na ɗauka za ki faɗa. Da kin faɗa, da na bi ki."

"Kai me ya hana ka?"

"Kunyarki."

Babu likitan da ya iya ce mata ko a ranar nan ta bakin shanya jininta yana nan lafiya. Ta tambaya har ta gaji. Sammani ya makara da fara shan magani, ya rasu da kaka. Ita ta karɓi nata, jikinta ya amsa, ta koma bakin kanal.

Da aka zo aurar da 'yarta Muhsina, Indo ce ta aika wa dangin ango cewa sai an auna jinin yaran kafin a sa rana. An yi ta surutu, ba ta janye ba. Amma ta san awo na ranar ɗaurin aure ne kawai, zaman kuwa na shekaru ne. Shi ya sa har ƙarshen shekarun nan, idan Murja ta biyo ta gefen shanya, Indo kan ɗago kai, wuƙa a hannu, ta ce, "Malama, an sake kafa allon?"

"Ana ta ƙoƙari, Yaya Indo."

"To. Ba don ni ba. Don Muhsina."

Sai ta sunkuya ta ɗauki wani tumatirin.