Tsohon da ke canza kamshaf

Direban motar asibiti yana tsaye a gareji, hankalinsa a tashe. Injin motarsa mai silinda takwas ne, yana da na'urar da ke kashe huɗu don tsimin mai. Shekaranjiya ta kashe su, ɗaya ta ƙi tashi, ga mara lafiya kwance a baya. An ce sai a cire na'urar gaba ɗaya, a sa sabon kamshaf, sandar ƙarfen da ke buɗe bawul, wato ƙofofin iskar injin, tana rufewa.

Bai san tsohon da aka ba aikin ba. Siriri ne, gemu fari fat, an ɗaure tabaraunsa da zare. Hannuwansa kuwa rawa suke yi, ko kofin ruwa ba ya kaiwa baki sai rabi ya zube.

"Baba, ko a kira wani ya taya ka?"

Tsohon ya ɗauko sabon kamshaf ɗin. Ya shafe sandar da mai, ya saita bakinta a ramin injin. Nan take rawar ta tsaya cak. Yana turawa a hankali yana murzawa, ido a rufe, har ta shige ba ta gogi ko'ina ba.

Direban ya saki baki. Shekara nawa hannun nan ya yi a cikin inji? Arba'in? Hamsin?

"Baba, yaya aka yi?"

"Wallahi ban sani ba, ɗana," in ji tsohon yana dariya. "Matata kullum cewa take, da ma cokali ma ƙarfen mota ne."