Busa Ɗaya, A Tsaya

Shekara ashirin da biyu ya yi a kan injin jan gumagumai, kuma tun a ta ukun aka manta da sunansa na yanka. Wata rana ana jan wani ƙaton gungume daga kwari, sai ya kashe inji ya ce kowa ya matsa, waya tana kuka. Babu wanda ya ji komai. Da aka duba, ashe silin ƙarfen sun fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ya zama Kunnen Zomo. Mutumin kirki ne, amma ka kuskura ka ce ya yi kuskure a kan inji, sai ya kwana uku yana amsa gaisuwarka a daƙile.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Masu sara su kayar da itace a gangare, su datse rassa. Inji yana kan tudu da wayar ƙarfe mai kaurin babban yatsa. Mutum ɗaya ya sauka da ƙugiya, ya zagaye gungumen da waya, ya maƙala, ya matsa can gefe, sannan ya busa usur. Busa biyu, a ja. Busa ɗaya, a tsaya. Mai ƙugiyar kuwa Auta ne, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda shi Kunnen Zomo da kansa ya kawo shi aikin.

Ƙarar inji ta yi ta cin kunnen nan a hankali, kamar yadda gara take cin ƙyaure. Matarsa ce ta fara lura. Da farko ta ɗauka kunnen uwar shegu yake yi mata in ta kira shi daga kicin. Daga baya ta ga rediyon da yake sauraro har maƙwabta suna sha tare da shi, ta ga in tana magana ta gefen damansa sai ya yi ta kallon bakinta. Wata safiya yana ɗaure takalmin aiki ta tsaya ta hagunsa, ta ce ya je asibiti, ya kuma gaya wa shugaban aiki. Ya ce lafiyarsa ƙalau, ita ce take magana a cikin ciki.

"Ni in ba ka ji ni ba, abinci ne zai huce," in ji ta. "Auta fa?"

Ya ɗauki hular kwanonsa ya fita. Girman kai rawanin tsiya, amma ba shi kaɗai ba ne. Tsoro ma yana ciki, don bai san wane ne shi ba in an sauke shi daga kan injin nan.

Yana da dabararsa. Ya lura duk lokacin da Auta ya gama maƙala ƙugiya, sai ya hau wani wuri a fili, ya ɗaga hannu sama kafin ya busa. Sai ya koma ja da ido. Shekara guda da rabi ana haka, ko ƙwarzane ba a samu ba.

Sai aka koma sabon wuri. Gangaren nan a tsaye yake, bakin tudun ya rufe duk abin da ke ƙasa. Daga kujerar inji ba a ganin komai sai waya ta miƙe ta ɓace cikin ganye. Auta ya ja ƙugiya ya sauka, har hularsa ta nutse.

Kunnen Zomo ya rage wutar inji, ya karkata kunnen hagu. Wani abu ya zo masa siriri kamar kukan sauro. Ya ja, gungume ya hau lafiya. Na biyu ma haka, na uku ma haka. A hutun rana ya zauna kusa da Auta da niyyar ya faɗa masa matsalar kunnensa. Auta ya dube shi ya daɗe, sannan ya tsokane shi wai yau Yaya yana ja kamar tsohuwa a bakin rijiya. Aka yi dariya, shi ma ya yi, maganar ta koma ciki.

A gungume na tara kukan sauron ya sake zuwa. Ɗaya ne ko biyu? Ya jira. Shiru, ko kuma shi ne bai ji ba. Shugaban aiki yana can nesa wurin lodin mota, ya dubi agogo, ya yi masa alama da hannu. Kunnen Zomo ya tura liba.

Waya ta miƙe, ta yi tauri. Ta kujera ya ji gungumen ya taso, ya karkace, ya daki wani abu ya cije. A ka'idarsa sai ya ƙara wuta ya fizgo shi. Hannunsa har ya kai, sai ya kasa. Ya tsayar da inji, ya diro, ya ruga bakin tudu.

Auta yana kwance rabi da rabi, takalminsa ya maƙale tsakanin saiwoyi. Gungumen ya juyo kansa, wani kututture ne ya tare shi, tsakaninsa da gwiwar Auta bai kai kamu ɗaya ba. Usur yana bakinsa. Kunnen Zomo yana ganin kumatun ƙanensa suna kumbura suna saɓewa, busa ɗaya, busa ɗaya, busa ɗaya, taku talatin tsakaninsu, kuma ban da kukan sauron nan ba ya jin komai.

Aka sassauta waya, aka sare saiwa, aka hau da Auta yana ɗingishi. Shugaban aiki ya hau faɗa, yana tambayar wa ya ba da izinin ja. Auta ya ce laifinsa ne, usur ɗin ne ya cika da ƙasa. Sannan ya dafa kafaɗar yayansa kamar mai neman madogara, ya zagayo ta hagu, ya kai baki kusa da kunnensa.

"Yaya, na daɗe da sani. Don kai nake ɗaga hannu. Yau ne na rasa inda zan tsaya ka gan ni."

Kunya ta kama Kunnen Zomo irin wadda bai taɓa ji ba. Ashe dabarar da yake taƙama da ita ba tasa ba ce. Shekara guda da rabi ƙanensa yana sauka ƙarƙashin gumagumai yana rufa masa asiri, yana jiran babba ya faɗa da bakinsa.

Kunnen Zomo ya hau inji, ya zare makulli, ya miƙa wa shugaban aiki a gaban kowa.

"Usur ɗinsa lafiya lau yake. Ni ne ba na ji."

Yanzu yana filin tara katako, shi ke duba waya da ƙugiyoyi kafin a fita da su, yana bin su da safar hannu sili-sili. Sunan bai bar shi ba, shi ma bai hana a kira ba. Ranar da abin ya faru, da ya koma gida da yamma, matarsa ta yi masa magana daga kicin. Ya taka har bakin ƙofa, ya ce ta sake faɗa, bai ji ba.