Gaisuwar Masu Maraƙi

A shekarar da na ɗauri aniyar zama marubuci, ina koyar da Hausa a wata sakandare a Bakura, kuma na gaji da gyaran insha'in ɗalibai. Sai na ƙudurta zan bi tsofaffin 'yan jaridar yankinmu, in tambayi kowa labari mafi ban mamaki da ya taɓa aikawa gidan rediyo, in haɗa littafi. Matata ta ce wannan yawon shan shayi ne kawai na sa masa suna. Ba ta yi ƙarya ba sosai.

Biyun farko sun ba ni abin da nake so. Ɗaya ya ba ni labarin mutumin da ya dawo gida ranar sadakar bakwai ɗinsa, ya tarar ana rabon waina, ya zauna ya ci tasa. Ɗayan kuma kada ya gani kwance a gonar shinkafa kusa da madatsar ruwa, manoma sun kewaye shi suna gardamar ko na wane ne. Na yi dariya, na naɗa a waya, na koma gida ina jin kaina.

Na ukun a Talata Mafara yake. An ce mini ya shekara fiye da ashirin yana aika rahoto, sannan rana ɗaya ya ajiye aikin ya buɗe shagon irin shuka da maganin feshi. Na same shi ranar kasuwa bayan azahar, dattijo siriri mai furfura a gemu. Na fara gaishe shi yadda aka koya mana, ina tambayar gida da iyali da gajiya. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Lahiya lau, Malam. Zamna. Mi ka kawo ka?"

Raina ya ɓaci. A ƙasarmu ko wanda ka zo kai wa ƙara ba ya yanke maka gaisuwa. Na haɗiye, na faɗi abin da ya kawo ni, na ajiye wayata a kan buhun iri tana naɗa. Ya kalli wayar, sannan ya fara.

Ya ce akwai wani ƙauye can bayan Tsibiri, a ƙasar Maradun, inda mutanen daji suka kore shanun wani tsoho gaba ɗaya. Ba wanda ya yi mamaki, don ba shi kaɗai aka yi wa ba. Bayan shekara ɗaya da rabi, wata safiya da damina, tsohon ya fito alwala ya ga saniyarsa mai karyayyen ƙaho tsaye a ƙofar gida, ta rame, ƙafafunta duk ƙaya. A bayanta ga ɗan maraƙi. Ita kaɗai ta ratso dajin ta gane gida. Ƙauyen ya taru, mata na guɗa, tsohon ya rungume wuyanta yana kuka.

"Da ni ji, sai ni hau babur," in ji shi. "Shekara nawa ina aika labarin gawa. Ni ce yau dai in aika wanda mutane za su ji daɗi."

Ya yi duk abin da ɗan jarida mai hankali yake yi. Bai faɗi sunan tsohon ba, bai faɗi sunan ƙauyen ba. Amma ya faɗi ƙahon, saboda labari ba ya zama a kunne sai da irin wannan ɗan abin. Aka sa shi a ƙarshen labaran yamma. Ni ma na tuna na ji shi a lokacin, har na ba mahaifiyata, ta ce ikon Allah.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira shi. Muryar mutum ce mai natsuwa, ya yi sallama cikakkiya.

"Yac ce, an tashi lahiya? Ni ce lahiya lau. Ya gida? Lahiya. Ya aiki? Da godiya. Sai yac ce, ya tsohuwa, idon nata ya yi sauƙi? Malam, satin nan anka yi ma innata aikin ido. Ni ce da sauƙi. Yac ce, ya maiɗakinka, ta dawo daga biki? Ranar tad dawo. Yac ce, ya 'yar auta, har yanzu ta hanyar bayan makabarta taka bi zuwa islamiyya?"

Na tambaye shi me ya ce.

"Mi zan ce? Ni ce lahiya lau. An gaishe ka, ba ka amsawa?"

Ya ce mutumin bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba, bai ambaci bindiga ba. Da ya gama bin gidan ɗaki ɗaki, sai ya ce sun ji labarin saniya, ya yi daɗi ƙwarai. Da ma sun ɗauka kura ce ta cinye ta, ashe gida ta tafi. Saniya ta mai ita ce, ba su musu. Amma maraƙin a wurinsu aka haife shi. A gaida tsoho.

A nan wani mutum ya tsaya a bakin shagon, rawani ya rufe masa haɓa, ya nemi irin albasa. Dattijon ya auna masa. Mutumin ya juyo ya ba ni hannu, ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni mutanen Bakura. Na amsa. Sai da ya ɓace cikin kasuwa na tuna ban gaya masa daga inda na fito ba. Na ce wa kaina wataƙila uban wani ɗalibina ne. 

Dattijon ya ci gaba. Shi ya koma ƙauyen da ƙafarsa ya kai saƙon, don ba wanda zai aika. Tsohon ya saurare shi, bai zarge shi ba ko da kalma ɗaya, har ya sa aka kawo masa fura. Washegari tsohon ya ja maraƙin ya ɗaure a gindin wata tsamiya a bakin daji. Kafin la'asar babu shi. Saniyar ta kwana biyu tana kuka ba ta ci ba, a na uku ta tsinke igiya ta bi ɗanta. Ba ta sake dawowa ba. Tsohon bai ga kaka ta gaba ba a ƙauyen, ya kwashe iyalinsa ya tafi inda ba wanda ya sani.

"Kuma kowace Salla lambar na kira," in ji shi. "Barka da Salla, ya tsohuwa, ya maiɗaki. Bara yac ce ya ji 'yar auta ta yi sauka, Allah sanya albarka. Ni ce amin."

Na tsayar da naɗar muryar. Kunya ta kama ni, na zo neman abin dariya a gidan da ake ƙirga masa 'ya'ya. Na tambaye shi ko in bar labarin.

"Kai ka sani, Malam. Ni ma na ɓoye suna."

Na hau babur na kama hanyar Bakura tun rana na sama. Duk mai babur da ya biyo bayana sai na rage gudu ya wuce. Ina shiga gida, ko takalmi ban cire ba, wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum, Malam. An wuni lahiya? Ya gajiyar hanya? Ya iyali?"

'Yata tana tsakar gida tana wasa da murfin tukunya. Ina kallonta ina cewa lafiya lau, lafiya lau. Sai a gaisuwa ta biyar mutumin ya ce shi ne sabon mataimakin shugaban makaranta, an ɗage taron malamai zuwa Alhamis. Na yi godiya. Yana kashewa na goge muryar dattijon daga wayata, na goge ta kada da ta mai waina ma, ban san dalili ba.

Littafin bai fito ba. Matata ta tsokane ni wata guda, da ta ga ba na dariya ta daina. Har yau a Bakura ana cewa malamin Hausa ya yi girman kai, ba ya tsayawa gaisuwa, kuma ya hana 'yarsa bin hanya ɗaya kwana biyu a jere.

Shekaru sun wuce kafin na iya rubuta wannan ɗin ma. Na ce bayan Tsibiri, amma ba can ba ne. Dattijon ba iri yake sayarwa ba. Saniyar kuma ba ƙahonta ne ya karye ba.