Eliphalet Stowell, Wakilin da Ya Ƙare a Kamun Aladu

A shekarar 1794 Eliphalet Stowell ya saɓa wa umarnin garinsu a majalisa, garin kuma bai taɓa yafe masa ba.

Haihuwa da aure

An haife shi ranar 9 ga Maris, 1741, a garin Harrowby na Massachusetts. Mahaifinsa Jabez mai injin niƙa ne a bakin kogi, sunan mahaifiyarsa Submit. Karatunsa hunturu uku ne kacal.

A 1765 ya auri Thankful Pruden. Bisa al'ada, sabon ango ake zaɓa mai kamun aladun da suka ɓalle, don a sha dariya. Shi kuwa ya riƙe aikin tsakani da Allah, har aladen fasto ya kulle.

Majalisa

Daga 1783, sau goma sha ɗaya ana tura shi Boston ya wakilci garin a majalisa. Bai iya jawabi ba, amma bai iya ƙarya ba.

Kowace bazara kifi kan hauro daga teku, talakawan saman kogi su zuba masa gishiri su ajiye wa hunturu. Madatsun masu niƙa suka tare masa hanya. Da aka kawo dokar buɗe madatsun a lokacin hawan kifi, taron gari ya rubuta wa Eliphalet cewa ya ƙi amincewa. Ya ninke takardar, ya ɗaga hannu ya amince.

Thankful ta ce, "Kai tsoho, injin niƙan da ka gada ma fa zai tsaya mako uku!"

Ya ce, "Na sani, uwar yara. Miƙo min waken nan."

Sakamako

A taron 1795 aka tsige shi. Ƙanin matarsa, Obed, ya miƙe ya ce, "Tunda dattijo na tausayin dabbobi, a mayar da shi kan aladu!" Ɗaki ya kece da dariya.

Eliphalet ya ce, "Na karɓa. Obed, da naka aladen zan fara, yana cikin kabejin mutane."

Rasuwa

Shekara goma sha huɗu ana sake zaɓarsa don wulaƙanci, bai taɓa ƙi ba. Ya rasu ranar 2 ga Nuwamba, 1809, ya bar 'ya'ya huɗu: Jabez, Mehitable, Asa da Patience. Talakawan saman kogi ne suka sauko da ƙafa suka ɗauki makararsa zuwa bayan coci. A kan dutsen kabarinsa garin bai ambaci majalisa ba. Mai kamun aladu kawai aka rubuta.