Bukkar Wancan Yaron

Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, in zancensa ya taso kuma in ce "wancan yaron". Haka na tarar ana yi a Unguwar Tudu, haka na yi.

Yana aji biyu malaminsu ya tare babansa a hanyar masallaci, ya ce yaron nan ba ya ɗaukar karatu, ko ƙirga ba ya kaiwa ashirin. Maigidan ya shigo rai a ɓace, ya ce nan da mako guda zai miƙa shi Dugabau wajen wansa ya yi kiwo. Surukata, Inna, ta ce hakan ma ya yi. Ni kuwa na ci gaba da aikina. Ina uwa za ta tsaya wa ɗan fari a gaban suruka?

Lokacin an gama yankan dawa, ga kara jibge a bayan gida. Shi da ƙannensa biyu suka hau gina bukka. Ta farko ko tsayuwa ba ta yi ba. Ta biyu ta rufto musu a ka, na yar da muciya na fita a guje, na tarar suna ta dariya. Wallahi da akwai bulala a kusa da sun sha ta.

Kullum ina leƙensa ta ɓular zana, kwanaki suna ta ƙarewa. Rannan na ga ya sake dabara. Ya auna ƙasa da tafin ƙafa, ya haƙa ramuka, ya zaɓi kara masu kauri ya kafa, ya ɗaure da ɓawon rama. Sai na ji yana ce wa ƙanwarsa, "Nan sha biyu, can ma sha biyu, ashirin da huɗu ke nan. Ashirin da ɗaya kika kawo, saura uku."

Ikon Allah! Wai wannan ne bai iya ƙirga ba?

Washegari da hantsi maigidan ya ce a haɗa wa yaro kayansa. Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Malam, je ka bayan gida ka girgiza bukkar nan tukuna, ka tambaye shi kara nawa ne. Ɗana ba daƙiƙi ba ne."

Inna ta ɗago ta dube ni. "Ɗanki?" ta ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya fita, ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo bai ƙara ta da zancen Dugabau ba, kayan ma ba a haɗa ba, ran Litinin yaro ya tafi makaranta.

Har yau in mata sun taru a gidan biki sai an nuna ni, wai ga marar kunyar nan da ta ce ɗanta. Sai in sunkuyar da kai, don kunyar ina jin ta. Amma da za a maimaita ranar, da ƙarfi zan faɗa.