Neman Saiwar Rawaya daga Babura zuwa Gwiwa

Babura

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, shawara ta kwantar da yayata Hadiza. Idanunta suka yi ɗorawa, ko kunu ba ya zama a cikinta. Tana shan maganin asibiti, amma Inna ta ce sai an haɗa da ɗanyar saiwar rawaya, ba busasshiyar da ta daɗe a buhu ba. Kafin assalatu na haye bayan motar gero mai zuwa Kazaure.

Kazaure

Mun iso da hantsi, bayan 'yan sanda sun tsayar da mu sun duba kaya. Na ci waina a tasha, na zaga wurin masu magani, duk busasshiya gare su. Wani dattijo ya ce in nufi duwatsun Roni, in nemi inda aka ƙone daji, domin furen yakan ɓullo daga ƙasa tun ganye bai tsiro ba.

Roni

A-kori-kura ta sauke ni bayan azahar. Na yi ta hawa da gangara har rana ta yi ja. Ba a sa wuta ba tukuna, ciyawa ta rufe komai. Wani manomi, Malam Sale, ya ba ni zaure da tuwon dawa. Da safe ya ce in haƙura in koma.

Na ce, "Baba, 'yar'uwata na kwance."

Sai ya turo mini kekensa, ya ce an yi ƙuna wajen Gwiwa.

Gwiwa

Taya ta sace a hanya, na ƙarasa da turi. A wata ruga, wata tsohuwar Bafulatana ta kai ni wani fako da wuta ta cinye. Ga furannin nan rawaya shar, zube a kan baƙar toka. Ta ce su ma da saiwar suke maganin shawara, har man shanu suke rinawa. Na tona, saiwar ta ɓata mini hannu. Ta hana ni kwashe duka, ta ce wani ma zai zo nema.

Komawa

Na mayar wa Malam Sale kekensa, na kwana, washegari na isa gida da magariba. Inna ta daka, ta jiƙa, ta tace. Ba a yi wata ba Yaya Hadiza ta ce a tuƙa mata tuwo, ta cinye da kanta. Ko maganin asibiti ne ko saiwar, Allah ne masani. Na gode masa, na gode wa mai keke da tsohuwar da ko sunanta ban tambaya ba.