Roƙon Addu'ar Da Ya Raba Mijina Da Maganinsa

A shekarun da nake ba ku labari, ni matar aure ce a Zonkwa, uwar yara biyu, ba na fashin taron Zumuntar Mata a cocinmu. Maigidana ɗan acaɓa ne, mutum mai raha, yana kuma noman citta a gonar iyayensa a Madakiya. Wajen awon cikina na biyu aka gaya mini ina ɗauke da cutar ƙanjamau. Da ƙyar na lallashe shi ya yi gwaji, shi ma aka same shi da ita. Ban tsaya tonon wanda ya kawo ta gida ba, na bar wa Ubangiji.

Ni shan magani bai ba ni wuya ba, don mace da goyo a asibiti ba mai tambayarta abin da ya kawo ta. Shi kuwa abokan sana'arsa ne ke sauke fasinja a ƙofar asibitin garinmu, saboda haka sai ya tafi har Kafanchan karɓar nasa. Ya ce kwalbar maganin tana kacau-kacau a aljihu, ya riƙa juye ƙwayoyin a leda. In lokacin tonon citta ya yi, maza suna yini tare a gona, ci tare, shan burkutu tare, ba inda zai ɓuya ya haɗiya. In na yi magana sai ya yi dariya, ya ce namijin da ke ɗaga buhun citta shi kaɗai ba ya bukatar ƙwaya kullum kamar tsohuwa.

Da na ga wuyansa yana ramewa, ga tari, tsoro ya kama ni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Ran nan a Zumunta, da aka zo wajen roƙon addu'a, na miƙe na ce a tuna da baban yarana, yana wasa da maganin da likita ya ce zai sha har ƙarshen ransa. Ban faɗi sunan ciwo ba. Wata mama ta tambaya ko suga ne ko hawan jini, sai na fashe da kuka. Aka kewaye ni aka yi addu'a da zuciya ɗaya. Har yau ban ce akwai mai mugun nufi a cikinsu ba, amma kowace ta koma gida ta ce wa mijinta ya taya mu addu'a. Kafin Lahadi, 'yan Zumuntar Maza suka zo gidanmu da littafin waƙa, suka zauna kamar masu gaisuwar mutuwa. A tashar acaɓa aka fara tsokanarsa ko ya sha ƙwayarsa ta yau. Ya dawo bai zage ni ba, ya dai zuba ƙwayoyin a masai, ya ce zai nuna wa garin nan lafiyarsa ƙalau.

Bayan watanni kaɗan tarin fuka ya kwantar da shi. Likita ya ce tsohon maganin ya daina yi masa aiki, aka canza wani. Na yi jinyarsa har ya tashi, amma rahar nan ba ta tashi ba. Ya sayar da mashin, ya tafi Abuja aikin gadi, inda ba wanda ya san shi. Yana kira ya gaisa da yara. In na tambayi magani, sai ya ce ba ya ji na sosai.

Yanzu na gane cewa kunya tana kwantar da namiji fiye da ciwon kansa. 'Yan'uwana mata, asirin mijinku ba naku ba ne ku kaɗai. Ku kai damuwarku ga ma'aikatan asibiti da ke ba da shawara, ku yi addu'arku a ɗaki, Allah yana ji. Ku kuma maza, masu yi muku dariya ba za su kwanta a gadon asibiti a madadinku ba. Ku sha maganinku. Ni dai ina shan nawa kowace safiya ni kaɗai, ban san ko shi ya sha nasa ba.